Wasiyyar Jinya da Umarnin Likita

Kullum mukan roƙi Uwarmu Maryamu ta tuna da mu a sa'ar mutuwarmu. Amma mu nawa ne muka taɓa zama da iyali, muka faɗi irin jinyar da muke so ranar da baki ya kasa magana?

A ƙasar Amurka akwai takardu iri biyu a kan wannan al'amari. Ta fari ita ce wasiyyar jinya. Mutum yakan rubuta ta tun yana da ƙoshin lafiya, ya bayyana nufinsa, ya naɗa wakilin da zai yi magana a madadinsa. Ba ta aiki sai ranar da ya kasa yanke shawara da kansa. Wata doka ta 1990 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnati su sanar da majiyyata wannan hakki. Ta biyu kuwa umarnin likita ne, wanda aka soma a jihar Oregon a farkon shekarun 1990, domin wanda ciwonsa ya tsananta. Likita ke sa masa hannu, ma'aikatan agaji kuma su bi shi nan take: a farfaɗo da zuciya ko a bari, a sa na'urar numfashi ko kada a sa.

Me Ikkilisiya take koya mana? A wasiƙarsa ta 1995, Evangelium Vitae, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nuna cewa idan mutuwa ta gabato, ƙin maganin da ba ya ƙara kome sai wahala ba kisan kai ba ne. A 2004 kuma ya tuna mana cewa abinci da ruwa kulawa ce da ta wajaba, muddin jiki yana amfana da su. Ba mu da iko mu gajarta rai, domin na Allah ne.

A nan ne ya kamata mu yi hattara. Takardar da aka sa wa hannu yau ba ta ganin ciwon gobe, amma wakili mai tsoron Allah yana gani, yana tambayar likita, yana aunawa.

Saboda haka, ko da takarda ko babu, mu zaɓi wakilinmu tun yanzu, mu gaya wa iyali sunansa, don kada 'ya'ya su yi gardama a bakin gadon uba. Mu kuma ce musu su kira Fada da wuri domin shafewar marasa lafiya, tun muna cikin hayyacinmu.

Ubangiji ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.