Mu San Kayan Shaye-shaye Tun Suna Cikin Gida



Da yawanmu sai yaro ya fara sambatu a bakin titi muke cewa ashe yana shaye-shaye. Alhali kayan abin sun daɗe a cikin gida. Uwa ta share su da tsintsiyarta, ta kwashe ta kai juji, ba ta san abin da ta share ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Waɗannan mutane ba a daji suke kwana ba, a ɗakunanmu suke.

Ku fara da katin ƙwaya. Idan kun tsinci wanda aka ɓare a aljihun wando ko ƙarƙashin katifa, ku juya bayansa ku karanta lamba. Tramol ɗin da likita ke rubutawa mai 50 ne ko 100. Wanda aka buga wa 200 ko 225 ko 250 ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Wannan ƙwaya ita ta fi ɗaga mini hankali, domin ba ta zuwa da sunan iskanci, da sunan neman halal take zuwa. Matashi zai yini yana lodin buhunan albasa a Aliero, wani yana kabu-kabu tun asuba, wani yana jan mota daga Jega zuwa Yawuri, sai aboki ya ce masa sha ɗaya gajiya ta tafi. Bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isarsa. Ranar da bai samu ba sai hamma da zufa da ciwon gaɓɓai da faɗa ba dalili, ranar da ya zarce kuma sai ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, mu kuma mu ce iska ce.

Sai kwalabe. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma har yau ana tsintar ƙananan kwalabensa a bayan ɗaki. Kwalba biyar ko shida a gidan da ba mai tari abin tambaya ne. Sau da yawa ma juye shi ake yi a gorar lemo, a riƙa kurɓa a gaban kowa. Ku lura da gorar da ba a yarda ƙane ya taɓa, wadda launinta ya sauya. Harshen da ya yi shuɗi kuma yakan nuna shan ƙwayar rafanol. Iyaye mata, ku sa ido a gidajen biki da ɗakunan amare, don nan ma abin ya kai.

Mai shaƙar sholisho tsumma ne abokin tafiyarsa, ko leda mai danƙo a ciki, ga warin faci a hannun riga. Mai wiwi kuma siririyar takardar naɗi, da 'ya'yan ganyen a ƙasan aljihu, da ashana a hannun wanda ba ya girki. Idan kuwa sirinji kuka gani tare da fasassun kwalaben allura, to abin ya yi nisa. Kada ku ɗauka da hannu, kada yara su yi wasa da shi, domin ta nan cutar ƙanjamau da ciwon hanta ke yaɗuwa.

Sai dai ku ji tsoron Allah wajen zargi. Mai ciwon suga yana da sirinjinsa, mai sikila yana shan maganin ciwo bisa umarnin likita, mai faci da sholisho yake cin abinci. Abu ɗaya ba hujja ba ne. Sai kaya sun haɗu da canjin hali, kamar barcin rana mai nauyi, da barin salla, da ɓacewar kuɗi a gida. Ko a lokacin ma, kada a tara unguwa a kansa, kada a sa shi a mari. Uba ya kira ɗansa shi kaɗai, ya ajiye abin a gabansa, ya tambaye shi yaushe ya fara, wa ke ba shi. Ɓoyewa don gudun abin kunya kuwa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato yana duba irin waɗannan, hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba.

Masu kemis, ku daina miƙa wa yaro ƙwaya ba takardar likita. Masu shago, ku tambayi ɗan shekara goma abin da zai yi da sholisho. Limamai da masu unguwanni, ku kira kayan nan da sunayensu a huɗuba da taron jama'a don iyaye su gane su. Ku kuma iyaye, don Allah yau ɗin nan ku shiga ɗakin samarinku ku duba.