Wa Zai Riƙe Maka Aiki Ranar Sallah?

A ɗakin ma'aikatan jinya na asibitocin Ingila akwai jadawalin aiki, wani manne a bango, wani a kwamfuta, wanda ke nuna mai zuwa da safe da mai kwana. Baƙo ba zai ko kalle shi ba, amma idan lokacin biki ya gabato, a nan ake gane halin abokan aiki.

Hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, wadda aka kafa a 1948, tana tafiya ne da hannun baƙi. Kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatanta a Ingila 'yan wasu ƙasashe ne, kuma Indiya da Filifin da Najeriya ne ke kan gaba. Sai dai ranakun hutun gwamnati guda 8 ne a shekara, akwai Kirsimeti da Ista a ciki, babu Sallah, babu Diwali ta Indiyawa, babu 7 ga Janairu da Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ke yin tasu Kirsimetin. Ga shi kuma ciwo bai san biki ba, dole wani ya kwana da marasa lafiya.

Dubi Bahaushiya mai aikin jinya a can. Ana tsara jadawali makonni kafin lokaci, ita kuwa ba za ta san ranar ƙaramar Sallah ba sai an ga wata. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka ba a iya cewa a duba ta bara. Idan ta yi dace da abokiyar aiki mai hankali, tun tsakiyar azumi za ta same ta ta ce: "'Yar'uwa, ko Talata ta kama ko Laraba, duk na riƙe miki, ki je ki yi idi da yaranki." Wannan magana ta fi katin gaisuwa ɗari, domin ta raba ta da kunyar roƙo.

Idan Disamba ta zo, sai bashi ya juyo. Ita ce za ta sa sunanta a aikin 25 ga wata tun ba a tambaye ta ba. Wani alherin ma bai kai musayar yini guda ba. Mutanen Filifin suna haɗuwa cin abinci da tsakar daren 24 ga Disamba, kuma a lokacin sanyi Manila na gaban Landan da awa 8. Ke nan da ƙarfe huɗu na yamma, ana tsakiyar raba magani, dangin wata ma'aikaciya suna zaune a teburi, kujerarta ba kowa. Wanda ya ce mata "je ki kira gida, zan duba gadajenki," ya ba ta bikinta a cikin 'yan mintoci. Irin gayyar noma ce: yau a gonarka, gobe a tawa.

Abin lura a nan shi ne, taimakon da ya isa sai an haɗa shi da sani. Ba za ka sauƙaƙa wa mutum ranar da ba ka san tana da daraja a wurinsa ba, kuma baƙo yakan yi shiru don gudun kada a ce ya cika neman alfarma. Haka nan idan ka karɓi aikinsa, ka karɓa gaba ɗaya, ba kana kiransa a waya yana filin idi kana tambayar inda ya ajiye takarda ba. Shugaba kuma ya lura kada cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ta zama zalunci, a mayar da mutum ɗaya mai gadin kowane biki don kawai ba shi da iyali a kusa. Shi ne ma ya fi kowa bukatar a ajiye masa kwanon abinci, a kira shi gida.

Mai karatu, ko a asibiti kake, ko a kamfani, ko kana aiki ta intanet da mutanen wata nahiya, tambayi abokin aikinka tun yau wace rana ce babba a wurinsa, ka rubuta ta kusa da taka. Idan ta zo, ka riga shi magana.