Haƙƙin Bisa A Kan Mai Ita Cikin Kwanakin Ɗari

Ya ɗan'uwana, kai da ka ɗauki wannan 'yar takarda kana so ka san halin da ya dace da mai tsoron Allah, ina da tambaya guda gare ka. Daren jiya, sa'ad da iskar hunturu ta taso, ka sa aka hura wuta a ɗaki, ka ja bargo ka rufa, ina akuyarka ta kwana? Watakila za ka yi mamaki ka ce, Me ya haɗa akuya da zancen hali? Yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka yi wa kanka shari'a.

Ka san ƙasarmu. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi ruwan sama ya kan ɗauke wajen watan Oktoba, ba ya komowa sai Mayu ko Yuni. Da kaka bisashe, watau dabbobin gida, suna cikin daula, gama ga kara, ga karmami, ga kalar gona ko'ina. Amma kadan Disamba ta shiga sai ciyawa ta bushe, tabkuna su janye, iska ta taso daga arewa maso gabas da ƙura da hazo, dare ya zama na ɗari, rana ta zama ta ƙishi. A da mai bisashe kaɗan ya kan ba yaro ya kora su daji, ko su bi fadamar gulbin Zamfara su yi kiwo. Tun wajen shekara ta 2011 kuwa, da satar shanu da ɓarnar 'yan bindiga suka yawaita a Zamfara, daji ya zama wurin tsoro. Mutane da yawa sun rasa garkensu, waɗansu sun bar ƙauyukansu sun fake cikin gari. Abin da ya ragu a hannun talaka shi ne awaki biyu ko uku, da tunkiya, da jaki, da 'yan kaji, ko bijimin huɗa ga wanda Allah ya tsare wa. Yawancinsu suna ɗaure cikin gida, ba su da wanda za su duba sai mai su.

Igiya alkawari ce

Dubi barewa cikin daji. Ba mai zuba mata dusa, amma kuma ba mai tsare ta. In ta ji ƙishi ta nufi gulbi, in iska ta dame ta ta shiga duhuwa ta fake. Mahalicci ya ba ta ƙafa da hanci, da su ta ke neman abincinta. Akuyarka ma an ba ta ƙafa da hanci irin waɗannan. Wa ya hana ta amfani da su? Kai ne, ran da ka kafa turke ka sa mata igiya a wuya. Ba laifi ka yi ba, gama an yardar wa ɗan Adam ya yi kiwo. Amma tun daga ranar nan abin da ƙafarta za ta samo mata ya koma wuyanka. Ruwan da ba ta iya zuwa ta sha, kai za ka kawo shi. Mafakar da ba ta iya nema, kai za ka gina ta. Wanda ya ɗaure bisa ya ɗauki alkawari, ko da bakinsa bai faɗa ba, Allah kuwa shi ne shaidar alkawarin.

Wani zai ce, Ai dukiyata ce, da kuɗina na saye ta, in yi yadda na ga dama da ita. Gaskiya ne da kuɗinka ka saye ta, fartanyarka ma haka. Amma kadan ka bar fartanya a waje ta yi tsatsa, hasararka ce kai kaɗai, gama fartanya ba ta jin kome. Akuya tana jin ɗari yadda ka ke ji, yunwa tana murɗa mata ciki, tana kuka in an raba ta da ɗanta. Kuɗinka ya saya maka nononta da namanta da fatarta. Ran da ke cikinta ba kai ka hura shi ba, amana ce aka ajiye a gidanka.

Wani kuma zai ce, To, ba yanka za a yi ba a ƙarshe? Haka ne, ba kuwa zunubi cikin yanka domin abinci. Amma wuƙa mai kaifi ta ɗan lokaci ce, yunwar rani ta watanni ce. Izinin da aka ba ka na cin nama bai haɗa da izinin azabtarwa ba.

Ka tuna kuma da abin da ka ke ci daga gare ta. Takinta ne ya ke ta da gerarka. Ran da yaro ya kwanta da zazzaɓi, ita a kan kai kasuwa a sayi magani. Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato, wadda ka ke gani kamar ba kome ba, fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata suna fatar Maroko, domin ta can ta riƙa isa gare su. Mutanenmu sun ce, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ka ci ladan da damina da kaka, hunturu shi ne lokacin askin.

Abin da bashin ya ƙunsa

Na fari, ci. Abincin ɗari da kaka a ke tanada shi. Harawar wake da ta gyaɗa, in an tuge su tun ganye bai zube ba, aka ɗaure dami dami aka ɗora bisa rumfa, sun fi busasshen kara ƙarfi nesa. Ka haɗa da dusa, da ɗan gishiri ko kanwa domin lasa. Dusar da ta yi fumfuna kada ka ba su. Itacen gawo kuma abin lura ne: shi kan zubar da ganyensa da damina, ya tofo da rani sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, 'ya'yansa kuwa abinci ne mai kyau ga awaki da tumaki. Kada ka sare shi domin itacen wuta. Jaraba ta kan zo sa'ad da harawa ta yi tsada, zuciya ta ce ka sayar da ita duka. Kafin ka sayar, ƙidaya bakunan da ke turke, ka ƙidaya watannin da suka ragu kafin sabuwar ciyawa. Akuya mai yunwa ta kan ci leda a juji, ledar ba ta narkewa, sai ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Tambayi mahauta, su kan gan ta da idonsu.

Na biyu, sha. Domin kai ba ka jin ƙishi da sanyin safiya, kada ka zaci su ma haka ne. Mai cin busasshen abinci ya fi mai cin ɗanyar ciyawa bukatar ruwa. Ka ba su ruwa mai tsabta kowace rana in hantsi ya yi, ka wanke kwamin shansu.

Na uku, mafaka. Ba sai ka gina soro ba. Zana biyu ko uku ta wajen da iska ta ke fitowa, da rumfa a bisa, da busasshiyar shimfiɗa ta ciyawa, sun isa. Ka riƙa share kashin kana tarawa domin gona. Ɗan akuya da aka haifa cikin daren ɗari shi ne mafi rauni: a tsane jikinsa, a ga ya sha dakashin uwarsa tun da wuri, a kwantar da shi inda iska ba ta bugunsa. Ka yi hankali da wuta kusa da harawa, gama hunturu lokacin gobara ne.

Na huɗu, rigakafi. Cikin watannin nan ne annobar kaji ta kan share gida ɗungum, awaki da tumaki kuma su kama tari da majina da zawo. Akwai wata annoba ta awaki da tumaki wadda likitoci su ke kira PPR, da aka fara ganewa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Tana da allurar rigakafi, ta kaji ma akwai, ana yin su a ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924. Kada ka ce wahalar banza ce. Bushiya, wadda ta karkashe shanun kakanninmu, ta kuma sake ɓarna a Nijeriya a 1983, da rigakafi aka kore ta, har aka yi shelar ƙarewarta daga duniya duka a 2011. Nemi malamin dabbobi tun ciwo bai shigo ba. Dabbar da ka sayo daga kasuwa ka ware ta kamar mako biyu kafin ka haɗa ta da na gida, marar lafiya kuma ka raba ta da masu lafiya.

Na biyar, ido, shi ne kuwa uwar sauran. Bisa ba ta da bakin da za ta ce, Ba ni da lafiya. Sai dai ta ƙi ci, ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi, ta koma gefe ita kaɗai. Wanda ba ya dubawa ba zai gani ba.

Abin da agwagi suka faɗa

Domin ka san nauyin wannan na biyar, ka tuna da abin da ya same mu a 2010. A ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa suna wankewa. Duwatsun nan suna cike da dalma, ƙurarsu ta bi ƙasa da ruwa. A farkon shekarar agwagi suka soma ƙarewa. Mutane sun gani, amma ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Ba a daɗe ba yara suka soma amai da jijjiga suna mutuwa. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen, daga baya ma'aikatan hukumar CDC ta Amurka suka zo suka auna jini da ƙasa, aka tabbatar gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu. Ban faɗi wannan domin in ɗora wa iyayen da suka yi makoki laifi ba, gama ba wanda ya taɓa gaya musu. Na faɗa ne domin mu da muka sani yanzu. Ƙasar da agwagwa ta ke tsattsaga ita ce ƙasar da ɗanka ya ke rarrafe a kai, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. In ka ga dabbobin gidanka suna mutuwa ba dalili, kai labari wurin malamin dabbobi da na asibiti.

Talaka fa?

Yanzu ga magana mai wuya, ba kuwa zan kauce mata ba. Za ka ce, Malam, 'ya'yana ba su ƙoshi ba, rumbuna ya yi ƙasa, gonata ma ban iya zuwa ba saboda tsoro. Da me zan ciyar da akuya? Amsa ita ce, ɗa yana gaba da dabba, ba wanda ya ce ka cire tuwo daga bakin yaro ka ba tunkiya. Amma tsakanin ciyarwa da barin yunwa akwai hanya ta uku. Kadan abincin awaki uku ke gare ka, kana riƙe da shida, sayar da uku tun suna da nama a jiki, ka sayi hatsi da kuɗin, ka riƙe sauran da kyau. Sau da yawa abin da ya ke hana mu haka kunya ce, kada maƙwabta su ce wane ya karye. Sai mutum ya riƙe shida har Maris, biyu su mutu, huɗu su zama ƙashi da fata, ba wanda ya amfana sai ungulu. In ka duba zuciyarka da gaskiya za ka iske girman kai ne ya kashe su. Haka kuma wanda ya bar bijimin huɗa ya rame da rani, ran da ruwan shuka ya sauka ya ɗaura masa garma, ya ga ba ya ja, ya hau shi da bulala: yana dukan dabba saboda laifin kansa.

Ke ma, 'yar'uwata, maganar nan taki ce, gama a gidajenmu yawancin awaki da kaji na mata ne. Kai kuma maigida, kada ka sayar da harawar gona duka ka bar matarka da awakinta suna kuka a tsakar gida. Ku zauna ku yi shawara tun da kaka. Ku koya wa yara su zuba ruwa da dusa da hannunsu, ku tsawata musu in sun jefi jaki ko sun ja kunnen ɗan akuya domin wasa. Hannun da ya saba da mugunta ga marar baki ba ya tsayawa nan.

Ma'aunin hali

Ga dalilin da ya sa na fara da akuya. In ka yi wa sarki alheri, kana sa zuciya ga kyauta. In ka yi wa maƙwabci, zai rama wata rana, ko ya yabe ka a dandali. In ka cuce shi kuwa, zai kai ka gaban alƙali. Bisa ba ta yabo, ba ta ƙara, ba ta ba da labari. Saboda haka abin da ka yi mata cikin duhun dare, ba mai gani sai Allah, shi ne halinka na ainihi. Mutum ya iya gyara bakinsa wurin sujada, ya iya tsawaita addu'a, amma turken gidansa ya san shi. Mu da mu ke roƙon jinƙai kowace safiya daga Wanda ba mu da abin da za mu biya shi, yaya za mu hana jinƙai ga abin da ya ke ƙarƙashin hannunmu?

To, ɗan'uwana, yau da dare kafin ka kwanta, ɗauki fitila ka fita zuwa turke. Tsaya inda akuyarka ta ke tsaye, ka ji ta inda iska ta ke shigowa. Duba kwami ko da sauran ruwa, shafa bayanta ka ji ko ƙashi ya fito. Abin da ka iske yana bukatar gyara ka gyara shi tun gobe da safe. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kai mu damina lafiya, mu da bisashenmu.