'Yanci da Haƙurin Zama da Mai Saɓanin Ra'ayi

Masu aƙidar 'yancin ɗan'adam daga katsalandan ɗin hukuma sukan fuskanci tambaya mai wuya: yaya za su yi da baƙon da ya shigo zaurensu ɗauke da ra'ayin da ya saɓa wa nasu?

A shekarar 1947 Friedrich Hayek ya kafa ƙungiyar Mont Pelerin a Suwizalan domin kare wannan aƙida. Milton Friedman ya ruwaito cewa a wani zamanta, ana muhawara kan rabon dukiya, sai Ludwig von Mises ya fusata, ya kira abokan zamansa 'yan gurguzu, ya fice. To, idan ɗan gida bai tsira ba, ina ga baƙo?

Hujjar masu kora ita ce mai zaure yana da ikon rufe ƙofarsa. Haka ne, amma John Stuart Mill ya nuna a 1859 cewa ra'ayin da ba a ƙalubalanta yakan koma haddar da ba a fahimta. Karl Popper kuwa, a 1945, ya sa iyaka: wanda ya ƙi hujja ya ɗauko sanda, shi ne ba a haƙuri da shi. Saboda haka, baƙon da ya zo da hujja, a shimfiɗa masa tabarma a amsa masa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.