Haƙuri Ko Cutar Kai?

Tun muna yara aka koya mana cewa namiji ba ya raki. A Wurno da Rabah da Goronyo, idan manomin albasa ya faɗo daga babur ya karya cinya, aka kai shi wurin mai ɗori, sai mu kewaye shi mu kasa kunne. In ya cije bai yi ƙara ba, mu ce jarumi ne. To, shin jure zafin da yake da magani haƙuri ne, ko kuwa cutar kai?

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne wata dabara da likitoci ke yi bayan tiyatar ƙashin ƙafa, wadda suke kira efidural. Wani likitan sojan Sifen, Fidel Pagés, shi ya bayyana ta a 1921. Ana soka allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, a zura siririn bututu dab da rigar da ta lulluɓe laka, ba tare da an huda ta ba. Ta nan ake ɗiga magani kaɗan-kaɗan, ya toshe jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Majiyyaci idonsa biyu, hankalinsa a jikinsa, har ya yi sallarsa a kwance.

Wasunmu kan ce ai ciwo kankarar zunubi ne, don me za a guje masa? Lallai mai haƙuri da cuta yana da lada. Amma mu sani, zafin da ya hana mutum motsi kan sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, ya kuma jinkirta miƙewarsa. Wanda ya ɓoye zafinsa don kada a kira shi rago, iyalinsa ne za su rasa noman shekara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta littattafai a kan magunguna. Da neman sauƙi rashin tawakkali ne, da bai ɓata tawadarsa ba.

Dabarar tana da nata haɗari. Ƙarfin bugun jini kan faɗi, fitsari kan tsaya, don haka sai a babban asibiti mai likitan sa barci da ma'aikatan jinya masu sa ido dare da rana. Nan ne laifinmu ya fito. Ɗan mai hali a garzaya da shi Sakkwato ya kwana lafiya, talakan ƙauye kuwa mu ce masa ya yi haƙuri. Wannan kalma ba ta cin mana ko kwabo, shi ya sa muke saurin faɗarta.

Haƙuri na abin da ya fi ƙarfinmu ne. Wanda ke hannunmu kuwa, mu ne za a tambaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.