Wa Ya Kamata A Zarga?

Jama'a, in yaƙi ya ɓaci, wa ake ɗora wa laifi? Wanda ya ba da umurni, ko wanda mutane suka daina so?

Daga 1861 zuwa 1865 an yi yaƙin basasa a Amurka. Jihohi 11 na kudu suka ɓalle, don ba su son a hana su riƙe bayi. Bayin nan baƙaƙen fata ne, kusan miliyan 4. Babban janar na kudu shi ne Robat Li. Na hannun damarsa kuwa Jemis Longstirit.

A watan Yuli 1863 suka gamu da sojan arewa a Getisbag. Rana ta uku Li ya ce a auka wa tsakiyar abokan gaba, waɗanda suka yi kwanto bisa tudu. Longstirit ya ce masa wannan ba za ta yiwu ba. Li ya ƙi ji. Soja wajen 12,000 suka ratsa fili a buɗe, kusan rabinsu aka kashe, ko aka ji musu rauni, ko aka kama su. Ran nan Li da bakinsa ya ce laifinsa ne.

Amma da Li ya rasu a 1870, sai labari ya sake. Wani janar, Jubal Erli, da abokansa suka ce ai Longstirit ne ya yi nawa, shi ya jawo asarar. Me ya sa? Bayan yaƙi Longstirit ya amince an ci su. Ya goyi bayan Garant, janar ɗin arewa da ya zama shugaban ƙasa. A 1874 ma, a birnin Niyu Olins, ya ja ƴan sanda da sojan sa-kai, har da baƙaƙe, suka kara da fararen da ba su yarda baƙi ya yi zaɓe ba. Wannan ne ba a yafe masa ba.

Ni dai ban wanke Longstirit ba. Shekara huɗu ya yi yana yaƙi don bauta ta dore, shi da Li duka. Amma masu zarginsa ba abin da ya yi a Getisbag suka auna ba. Abin da ya yi bayan yaƙi ne ya ba su haushi, suka koma baya suka gyara labarin don ya dace da fushinsu. Matacce kuma ba ya musu, shi ya sa suka jira mutuwar Li.

Garuruwan kudu da yawa sun kafa wa Li gunki. Shi Longstirit sai a 1998 aka kafa masa nasa a Getisbag, shekara 94 bayan mutuwarsa.