Tsohon Zakara a Layin Tsere

A makarantun sakandaren yankinmu, daga Birnin Kudu har Gwaram, ranar gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai ba ta cika armashi sai an yi tseren malamai da iyaye. Ƙarshen yini ake barinsa, bayan yara sun gama nasu, an sha rana an sha ƙura. Mai lasifika ya shiga kiran sunaye yana zolaya, ɗalibai su yi caa a bakin fili. Sai ka ga dattijo ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa na kusa da shi, ya naɗe ƙafar wando, ya kifa hula a kan takalmi. Mita 100 ne kacal. Daga cikin 'yan kallo wani ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, da tsohuwar zuma ake magani!"

Wanda ya saba kallon wannan tsere ya san inda ake samun matsala. Da wuya a same ta wajen tashi. Sai an kai kamar mita 40, daidai inda gudu ya fara nuna, za ka ga mutum ya yi wani ɗan tsalle, ya kai hannu bayan cinya, ya ɗingisa gefe yana murmushin ƙarfin hali. Abin lura shi ne wanene wannan mutumin. Malamin nan mai tumbi da bai taɓa gudu ba a rayuwarsa, shi dariya yake yana sassarfa, ya iso na ƙarshe lafiya lau, har ya ɗaga wa ɗalibai hannu. Wanda ake riƙowa a kafaɗa galibi shi ne wanda ya taɓa ci wa gidansu kofi shekara 25 da suka wuce, wanda har yau abokan karatunsa ke kiransa da laƙabin da gudu ya ba shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iya gudu a kai yake zaune, kuma kai ba ya saurin mantuwa. Wanda ya koyi yadda ake ɗaga gwiwa, a wurga ƙafa gaba, a kafta ƙasa da ƙarfi, zai iya ba jikinsa wannan umarni ko yana da shekara 50, kuma jikin zai yi ƙoƙarin bi. Sai dai naman da zai ɗauki umarnin ba na jiya ba ne. Tun daga wajen shekara 30 tsoka take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10 ga wanda ba ya motsa ta, kuma zaren tsokar da ke ba da saurin fizga shi ke fara tafiya. Naman bayan cinya yakan yage ne a daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba tana shirin sauka, domin a lokacin yake a miƙe kuma shi ke taka mata birki. Agara ma haka: an fi ganin tsinkewarta ga maza 'yan shekara 30 zuwa 50 masu shiga wasa jefi-jefi. Wanda bai iya gudu ba, rashin iyawar ce ke kare shi, don ba zai iya tara ƙarfin da zai yaga kansa ba.

Wannan rauni na farko ke nan, kuma ana iya yi wa mutum uzuri a kansa. Na biyun ya fi ban haushi, shi ne wanda ake samu wajen dawowa.

Ciwo yakan tafi tun kafin rauni ya warke. Magini a Gwaram ba ya ɗora sabon sahu a kan katangar ƙasa don kawai ya ga bayanta ya yi fari. Ya san waje ne ke fara shan iska, cikin yana nan ɗanye, in ya ɗora nauyi yau gobe ya tarar ta buɗe. Jikin ɗan Adam ma daga waje yake fara ba da labarin sauƙi. Kumburi ya saɓe, ɗingishi ya tafi, mutum ya je masallaci ya dawo bai ji komai ba, sai ya ce alhamdu lillahi na warke. Alhali karayar babban mutum tana cin mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe, ta kuma ɗauki wasu watanni kafin ƙashin ya koma ƙarfinsa. Jijiya ta fi haka nawa, domin jinin da ke isa gare ta kaɗan ne. Wanda agararsa ta tsinke yakan yi wata 6 zuwa shekara kafin ya sake gudu da gaske. Ga kuma wani tarkon: zuciya da huhu sun fi jijiya da ƙashi saurin farfaɗowa. Cikin 'yan makonni na atisaye mutum zai ji numfashinsa ya dawo, haki ya ragu, ya ji zai iya ƙarawa. Ya ƙara. Likitocin wasanni sun daɗe da lura cewa naman cinya da ya yage yana yawan sake yagewa, kuma galibi a makonnin farko na komawa fili.

A nan sai na ɗan ratse. Da zarar ƙafa ta riƙe a filin ƙwallo, abin da muka iya shi ne a kwantar da mutum a ja ƙafar, a murza da man zafi har sai ya yi ƙara, wai jijiya ce ta harɗe. In nama ne ya yage, wannan murzar ƙara zubar jini take a ciki. Kwanakin farko hutu ake so, da sanyaya wurin, da ɗaga ƙafar sama. Ban raina masu ɗori ba, sana'a ce ta gado kuma a ƙauyuka da dama su ne na kusa. Amma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka canja launi ba abin jira ba ne, ta nan ake rasa hannu da ƙafa. Mutumin Sara ko Basirka da ya ga haka, gara ya hau mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a ɗauki hoto. Bayan an kwance ɗauri kuma akwai aikin masu gashin ƙashi, wanda yawancinmu muke tsallakewa saboda muna ganin an riga an gama.

To, shin wanda shekaru suka fara ja, ga kuma tabon rauni, ya haƙura ke nan? Akwai wanda ya amsa wannan tambaya da ƙafarsa, a wani irin tsere da ba mu da shi a nan. A Turai da Amurka, in sanyi ya hana fita, cikin rufaffen zaure ake tsere. Da'irar filin mita 200 ce, rabin ta waje, an ɗaga kwanoninta sun karkata don kada gudu ya watsar da mutum. Kwana ta yi yawa, ta kuma matse, don haka idon sawu da ƙauri da agara suna shan wuya fiye da a fili. Ɗan Najeriya ya taɓa zama zakaran duniya a irin wannan zaure: Sunday Bada, haifaffen Kaduna kuma ɗan sanda, ya ci zinare a mita 400 a birnin Faris a 1997.

Amma wanda nake nufi shi ne Eamonn Coghlan, mutumin ƙasar Ailan, wanda aka haifa a 1952. Tseren mil ɗaya ne fagensa, wato mita 1,609. Sau biyu yana zuwa na huɗu a gasar Olamfik, a 1976 da 1980, matsayin da ya fi kowane ciwo tunda lambobin uku ne. Rauni ya cinye masa yawancin 1982. Ya dawo a 1983 ya yi mil cikin minti 3 da sakan 49.78 a zaure, bajintar da ba a karya ba sai a 1997, lokacin da Hicham El Guerrouj na Maroko ya shafe ta. A shekarar ta 1983 ya zama zakaran duniya a mita 5,000 a Helsinki. Sai rauni ya sake kama shi, Olamfik ɗin 1984 ta wuce yana gefe. Ƙarshen shekarun 1980 kowa ya ɗauka labarinsa ya ƙare, kuma da ya tsaya a nan ba wanda zai zarge shi.

Sai ya sa wa kansa wani buri dabam. Tun da Roger Bannister ya fara yin mil ƙasa da minti 4 a 1954, ɗaruruwa sun bi bayansa, amma babu ko ɗaya da ya yi haka bayan ya haura shekara 40. Coghlan ya gwada a 1993, ya rage masa sakan ɗaya da 'yan kai. A Fabrairun 1994, yana da shekara 41, a zauren tsere na Jami'ar Harvard, ya yi shi cikin minti 3 da sakan 58.15.

Lissafin nan nake so a duba. Tsakanin gudunsa na 1983 da na 1994 akwai sakan 8 da ɗoriya. Da za a jera su biyun a layi ɗaya, saurayin zai gama ya bar dattijon da tazarar fiye da mita 50. A idon mai tsere wannan kaye ne mai muni. Da Coghlan ya dawo yana neman lokacinsa na da, da kowace safiya agogo zai gaya masa ya gaza, shi kuma ya ƙara matsa wa ƙafar da ta riga ta sha rauni, har ta sake ajiye shi. Abin da ya nema shi ne iyakar abin da jikin ɗan shekara 41 zai iya bayarwa, ya kuma ba shi fiye da shekara guda yana gini. Malaminmu na tseren iyaye, shi da yaron da ya kasance a aji biyar yake tsere, kuma shirin da ya yi wa karawar bai wuce naɗe wando ba.

Sai dai ba zan ɗora masa laifin duka ba. Coghlan ya sami inda zai dawo. A can akwai gasar manya, wadda ake shiga daga shekara 35, an kasa ta rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, ɗan 52 ya kara da 'yan 50 zuwa 54. Tun 1975 aka fara ta duniya a Toronto ta Kanada. A wannan birnin ne Ed Whitlock ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 ƙasa da awa 3 a 2003, yana da shekara 72, kuma shi ma ciwon gwiwa ya sha ajiye shi yana dawowa. Mu kuwa matsayi biyu muka sani, ko kana ganiyarka ko kana kan benci. Ɗan dambe ko ɗan kokawa in ƙarfi ya ja baya sai ya koma bakin fage yana ba yara shawara, ba a ware masa sa'o'insa su kara.

Akwai kuma maganar kamala, wadda a ganina ita ce babbar. A garuruwanmu babba ba ya gudu. Magidanci mai furfura ya fito bayan asuba da gajeren wando yana sassarfa a gefen titin da ya ratsa Birnin Kudu ya nufi ƙasar Bauchi, kafin ya kai gidan mai mutum uku sun tsayar da shi. "Baba, lafiya?" "Alhaji, ko in rage maka hanya?" Matasa masu shirin shiga soja ko ɗan sanda su aka yarje wa gudun safe. Saboda haka mutumin da ya fi kowa bukatar atisaye a kai a kai shi ne al'ada ta hana, sannan rana ɗaya a shekara a kira sunansa a lasifika, gaban ɗalibansa da 'ya'yansa, a ce ya nuna abin da ya iya. Wa zai yi sassarfa a irin wannan wuri? Kunya ce ta hana shi shiri, ita ce kuma za ta hana shi sassautawa.

Abin mamaki, mutanen nan ba ragwaye ba ne. Manomin da ke bin shanun huɗa tun safe har azahar ya fi yawancin 'yan birni juriya. Amma juriyar noma dabam, fizgar mita 100 dabam, kuma ɗaya ba ta shirya jiki domin ɗayar.

Wanda ya haura 40 yake son komawa fili bayan rauni, hanyarsa ba ta da ado. Ya fara auna hawan jini, don tsoka in ta yage tana ɗinkuwa, zuciya kuwa wani zance ne. Ya yi makonni yana tafiya mai sauri kafin ya fara sassarfa, ya riƙa cakuɗa su, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a ƙasa mai laushi kamar filin makaranta ko hanyar gona, kwalta ta jira. Ya bar kwana guda tsakani, domin a ranar hutu jiki ke gyara abin da atisaye ya taɓa. Da hunturu ya tsawaita ɗumama jiki. Ciwon da ya kwana ya tashi da shi, ko ya sa shi canja taku, alama ce ta a koma baya mataki ɗaya. Gudun fizga shi ne na ƙarshen dawowa, bayan watanni.

Masu shirya gasar makarantu ma suna da abin yi, kuma ba ya cin ko sisi. A sanar da tseren tun farkon zango, a raba 'yan ƙasa da 40 da waɗanda suka haura, a mai da na manyan zagaye biyu na fili maimakon mita 100. A zagaye biyu ba mai fizgar da za ta tsinka masa agara, kuma wanda ya yi wata biyu yana fita da safe shi zai zo na ɗaya, ko da bai taɓa cin kofi ba yana yaro.